Haɗa Manhaja da Laburaren da Wasu Suka Rubuta: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja da yaren C a Damagaram sukan cije a wuri guda, wato ranar da suka fara ɗauko laburaren wasu domin su haɗa shi da nasu aikin. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne laburare a wannan fanni?

Tarin ayyuka ne da wani ya riga ya rubuta, ya gwada, ya ajiye domin kowa ya yi amfani da su. Wanda zai rubuta wa mai shago a kasuwar Dole manhajar lissafin ciniki ba sai ya gina rumbun bayanai tun daga tushe ba, tun da akwai SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, kuma kyauta ake ɗaukarsa.

Na rubuta #include (umarnin shigo da fayil ɗin .h na laburaren), jan layin da ke nuna kuskure ya ɓace a edita, amma sai na ga "undefined reference". Ina matsalar take?

Nan ne mafi yawan masu koyo suke ruɗewa, domin suna zaton edita ne yake yin haɗin, alhali shi allon rubutu ne kawai. Fayil mai ƙarewa da .h, kamar sqlite3.h, ya yi kama da takardar da ɗan kasuwa ya jera sunayen kayansa a ciki, amma kayan kansu suna can cikin sito, wato a fayil mai ƙarewa da .a ko .lib ko .so. Kompaila, wanda yake juya rubutunka zuwa yaren inji, takardar ta ishe shi. Linka kuwa, wanda yake harhaɗa gutsattsarin su zama manhaja guda, sai ya ga kayan da idonsa, kuma shi ne mai wannan ƙorafin. A editan Visual Studio Code, abin da ka sa a c_cpp_properties.json yana kawar da jan layi ne kurum, umarnin ginin kuwa yana cikin tasks.json, don haka ɓacewar jan layin ba shaida ba ce cewa haɗin ya yiwu.

To yaya ake nuna wa kompaila da linka hanya?

A GCC, wato wani sanannen kompaila, alamomi uku ne suke wannan aiki: -I yana nuna inda fayilolin .h suke, -L yana nuna inda laburaren yake, -l kuma yana faɗin sunansa. Idan an girka laburaren a inda tsarin ya saba dubawa, gcc shago.c -o shago -lsqlite3 ya wadatar. A lura cewa ana cire "lib" na farkon suna da kuma ƙarshensa, shi ya sa libm, laburaren lissafi, ya koma -lm. Tsarin jeri ma yana da tasiri, domin linka daga hagu yake karantowa zuwa dama, saboda haka laburare ya zo bayan fayil ɗin da yake buƙatarsa. Masu amfani da editan Code::Blocks za su tarar da waɗannan gurabe a ƙarƙashin Build options. A ganina, gara ɗalibi ya buga umarnin da hannunsa ko sau ɗaya ne kafin ya jingina da maɓallan edita.

Manhajar ta tashi a kwamfutata, amma da na kai wa mai shagon a filash sai ta ƙi. Me ya sa?

Haɗi iri biyu ne. A na farko ana kwafe laburaren cikin manhajar tun lokacin gini, sai ta ƙara nauyi amma ta tsaya da ƙafarta. A na biyu sunansa kaɗai take riƙewa, sai lokacin tashi ta nemi fayil ɗin, wanda a Windows yake ƙarewa da .dll. Mai yiwuwa ka baro sqlite3.dll a gida, don haka ka ajiye shi a babban fayil ɗaya da manhajar. Ka kuma tabbata cewa ba ka haɗa laburare mai bit 64 da manhaja mai bit 32 ba, domin ba sa shiga juna.

Ya halatta in sayar da manhajar da ke ɗauke da laburaren wani?

Ya danganta da lasisinsa. Lasisin MIT yana neman ka bar sanarwar haƙƙin mallaka yadda take, GPL kuwa yana wajabta maka ba wa duk wanda ya karɓi manhajar damar samun asalin rubutunta a ƙarƙashin wannan lasisi.