Aikin Sa-kai a Ƙauyukan Tsaunin Gwatemala: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya je aikin sa-kai a yammacin Gwatemala, ƙasa a Amurka ta Tsakiya, wajen Totonicapán, Sololá ko Quetzaltenango, galibi a gidan wasu iyali ake sauke shi. Shirin Peace Corps na Amurka mai tura 'yan sa-kai ƙasashen waje, da ke ƙasar tun 1963, kan ba da horo na kusan wata uku kafin shekara biyu ta aiki. Ga abin da aka fi tambaya.

Sifaniyancin da na koya a aji zai ishe ni?

Zai ishe ka ciniki a kasuwa, amma ban da hirar cikin gida. A tsaunuka mutane da yawa da K'iche', Kaqchikel ko Mam suka tashi, cikin harsuna sama da 20 na Maya, 'yan asalin yankin, kuma akwai tsofaffin da Sifaniyancinsu kaɗan ne. Ka riƙe ko da kalma biyu: a K'iche', saqarik ina kwana ne, maltyox kuma na gode.

A Sifaniyanci ka kira kowa da usted, wato "kai" ko "ke" na girmamawa. Vos na abokai ne, kada ka riga mutum fara shi. Babba kuwa sai da Don ko Doña kafin sunansa, kamar yadda ba a kiran dattijo da gatsal. In ka ji an buɗe magana da fíjese que, to a'a ce ke tafe cikin ladabi. Ahorita kuma, ko da yake ma'anarta yanzun nan, tana iya kaiwa gobe.

Me ake ci, kuma yaya Musulmi zai yi da alade?

Masara ce safe, rana da dare. Ana dafa ta da wani farin gari da suke kira cal, wanda yake tausasa ta kamar yadda kanwa ke yi wa wake, a kai inji a markaɗa, a fyaɗa da tafin hannu, a gasa a kan faffaɗan kasko. Wannan ita ce tortilla. Ana haɗa ta da baƙin wake da ƙwai, a kora da atol, wanda ɗan'uwan kunu ne.

Naman alade ana ganinsa a kauce masa. Inda matsalar take shi ne kitsensa, manteca, da kan shiga cikin tamal (ƙullin masara da ake dafawa a ganye) da soyayyen wake ba tare da an gani ba. Tun ranar farko ka faɗa wa uwar gida: "No como cerdo ni manteca, por mi religión", wato ba na cin alade ko kitsensa saboda addinina. In ka bari sai ta gama girki kana ka ture kwano, ka ɓata mata rai, don abin hannunta ta ba ka. Ka sayo man girki da kuɗinka ka ajiye mata. Ƙin shan giya ba ya ba kowa mamaki, domin mabiya cocin Ibanjelika da yawa ba sa sha.

Me ya sa kusan kowa ke fama da ciki?

Ruwa ne. Na famfo ma ba a sha haka nan. A wurin da ya haura mita 2,000, kamar Quetzaltenango mai kusan mita 2,300, ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, don haka sai a bar shi yana tafasa minti uku. In babu wuta, ɗigo biyu na bilic marar ƙamshi a lita ɗaya, a jira minti 30. Sai dai bilic ba ya cika kashe ƙwayar giardia mai jawo gudawa, shi ya sa tafasawa ko matatar yumɓu irin Ecofiltro ta fi. Inda aka fi yin sakaci: goge baki da ruwan famfo, ƙanƙara a lemo, ɗanyen kabeji, da zuba tsaftataccen ruwa a jarkar da ba a wanke ba.

In gudawa ta kama: lita ɗaya ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a haɗa a riƙa sha. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ko gudawar da ta wuce kwana uku, sai asibiti a yi gwaji.

Wanka da wanki fa?

A tsakar gida akwai pila, kwamin siminti mai wurin wanki a gefe. Da roba ake ɗibar ruwansa. Kada ka tsoma hannu mai sabulu ko tufafi a ciki, ruwan gidan ke nan gaba ɗaya, kuma ba kullum famfo ke kawowa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan yi sanyi har raɓa ta daskare, ɗakuna kuma babu abin ɗumamawa. Bargo biyu da hular sanyi dole ne.

Yaushe zan fara aikin da ya kawo ni?

Ba da wuri ba, kuma nan ne masu zumuɗi ke tuntuɓe. Ƙauyuka na da majalisar raya ƙasa da ake kira COCODE, wadda dokar 2002 ta kafa. Aikin ruwa ko murhu ko makaranta da bai bi ta hannunta ba, za a ce maka to, ranar taro kuma ka tarar da benci wayam. Watannin farko na gaisuwa ne: gida-gida, wajen biki, wajen makoki, gona lokacin girbi. Kada ka sa taro ranar kasuwa, ko da yamma daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da ruwan sama ke saukowa. Kada kuma ka yi alkawarin kuɗin da ba su shigo hannunka ba.

Akwai abin da bai kamata a taɓa ba?

Ɗaukar hoton yara ba da izinin iyaye ba. Tsoron satar yara yana da ƙarfi a can: a shekarar 2000, a Todos Santos Cuchumatán, irin wannan jita-jita ta sa taron jama'a ya kashe wani ɗan yawon buɗe ido daga Japan da direban motar da ta kawo ayarinsu.

Sai yaƙin basasa na 1960 zuwa 1996, wanda ya fi cin ƙauyukan Maya. A ƙauye ɗaya za ka iya samun wanda aka kashe wa uba da wanda aka tilasta wa yi wa soja sintiri, suna maƙwabtaka. Kada ka tayar da zancen. In dattijo ya fara da kansa, ka ajiye waya ka saurara.