Waiwaye: Yadda "ɗan John" ya daskare ya zama Johnson

A Birtaniya har yanzu ana ta muhawara: dole ne mace ta ɗauki sunan gidan mijinta? Me zai hana yaro ya ci sunan mahaifiyarsa? Masu kare al'adar kan ce haka suka taras tun kaka da kakanni. Tarihin suna irin Johnson bai goyi bayansu sosai ba.

Ma'anarsa ɗan John, shi ke nan, kamar yadda mu ma muke cewa ɗan wane. John kuwa daga Ibrananci ya fito, Yohanan, wato Ubangiji ya yi alheri. Bayan Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, masu ƙasa ne suka fara gadon suna, talakawa suka biyo baya sannu a hankali.

Abin da ake tsallakewa shi ne ƙarni na 14. A lokacin, musamman a arewacin Ingila, laƙabi ne kawai mai canzawa: John idan ya haifi Richard, jikan sai a kira shi Richardson. Takardun harajin kai na 1379 a yankin Yorkshire sun nuna wannan sarai. A cikinsu akwai mata masu laƙabin da ya ƙare da "doghter", wato 'yar wane, akwai matar wane, akwai ma baran wane, asalin sunan Matthewman ke nan, wato baran Matthew. Kuma ba kullum uba ake ambata ba. Megson ɗan Meg ne, Ibbotson ɗan Ibbot, wato Isabel, Dyson kuma ɗan Dye, dukkansu mata. Sau da yawa uwar ce aka fi sani a ƙauyen, ko gwauruwa ce mai riƙe da gida da gona.

To me ya sa "ɗan wane" ya rayu, "'yar wane" ta ɓace? A ganina gona ce. Annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya bisa uku na jama'a, gonaki suka yi ta sauya hannu, kuma mai neman gado yana bukatar sunan da zai ɗaure shi da marigayi a takarda. Gadon ƙasa ta wajen 'ya'ya maza yake bi, sai suna ya bi sawunsa. Da aka fara rajistar baftisma da aure da jana'iza a coci-coci a 1538, yawancin sunayen sun riga sun kafu, har 'yar John ma Johnson ake rubuta mata.