Dracula: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Tunda kullum tambayoyin da kuke min kan littafin Dracula iri ɗaya ne, bari in haɗa su wuri guda, wanda ya sake turo min kuma sai dai ya yi haƙuri.

Wa ya rubuta shi?

Bram Stoker, mutumin Dublin a ƙasar Ireland. Littafin ya fito a Landan a 1897. Manajan gidan wasan kwaikwayo na Lyceum ne, yana yi wa jarumi Henry Irving aiki.

Wai Dracula maye ne?

A'a. Maye rayayye ne, kurwa yake kamawa. Wannan gawa ce da ta ƙi zama a kabari, tana fitowa tana shan jinin mutane.

Labarin Vlad mai soke mutane ne aka mayar littafi ko?

Kai jama'a, wannan ta ishe ni wallahi. Vlad sarkin Wallachia ne, wani yanki a Romaniya ta yau, a ƙarni na 15, gaskiya ne ana kiransa Dracula, amma Stoker suna kawai ya ɗauka. A 1890 ya je hutu garin Whitby da ke gaɓar tekun Ingila, a laburaren garin ya ci karo da littafin William Wilkinson na 1820, ya ga an ce Dracula na nufin shaiɗan, shi ke nan ya goge sunan Count Wampyr da ya sa wa dodon labarin tun farko a takardunsa. Ko Transylvania, yankin Romaniya inda fadar Dracula take a labarin, bai taɓa taka ƙafarsa ba, a littattafai ya karanto ta.

To Stoker ne ya fara irin wannan labarin?

Ina! John Polidori ya riga shi da The Vampyre a 1819, Sheridan Le Fanu kuma da Carmilla a 1872. Kafin su duka ƙauyawan Sabiya a 1725 sun tono kabarin wani mutum suka kafa wa gawarsa turke a ƙirji, wai shi ke kashe musu mutane.

Turancina ba ƙarfi, asalin littafin zan nema ko wanda aka taƙaita?

To nan sai a yi a hankali, ya danganta da abin da kake so. Littafin ba a jere yake kamar labarin da ka saba ba, tarin wasiƙu ne da littattafan ajiyar sirri da yankan jaridu, mutane daban-daban ke ba da labarin, in hankalinka ya ɗan tafi sai ka rasa wa ke magana. Babi huɗun farko, inda wani lauya Bature, Jonathan Harker, yake tsare a fadar Dracula, suna da sauƙi kuma su ne mafi daɗi a ganina, don haka fara da su a asalin, kyauta ne ma a intanet tunda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa. Matsalar tana tsakiya, akwai wani tsoho a Whitby da ke magana da karin Yorkshire wanda ko su Turawan sai sun dafe kai, ga Van Helsing, likitan ƙasar Holland mai farautar Dracula, shi ma Turancinsa a karye yake da gangan. In ka maƙale a nan kada ka ce kai ne daƙiƙi, tsallake tsohon ba abin da za ka rasa sosai. Wanda aka taƙaita zai iya yi maka in labarin kawai kake so, sai dai yawanci suna cire wasiƙun su miƙe labarin, kuma tsoron ai a cikin wasiƙun yake, kai mai karatu ka gane abin da ke cinye wata budurwa mai suna Lucy alhali likitanta yana ta laluben cuta. Ni da zan ba da shawara, ajiye su biyun kusa, amma ban ce dole ba.

Rana tana kashe Dracula?

A littafin a'a, yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus Nosferatu na 1922 ne ya kawo mutuwa da hasken rana, fim ɗin da matar Stoker ta kai ƙara kotu ta ce a lalata shi. Ku daina haɗa fim da littafi don Allah.

Fadar Bran da ke Romaniya, wadda ake ce wa gidan Dracula, fa?

Kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce. In kana da kuɗin biza ka je, amma kar ka dawo kana ce mana ka ga gidan Dracula.