Yadda za ka hana print sauka layi a Python idan kana buga sakamako bisa sharaɗi

Na rubuta if (umarnin duba sharaɗi) guda biyu, kowanne da print ɗinsa (umarnin buga rubutu a allo). Ina so sakamakon ya fito a layi ɗaya, amma sai ya rabu biyu. Me ya jawo haka?

A Python 3, duk abin da print ta buga sai ta liƙa masa alamar sauka layi, wato `\n`, ko ka nema ko ba ka nema ba. Ɗauki atisayen FizzBuzz da ake yawan ba masu koyo: a ƙirga daga 1 zuwa 100, lambar da 3 ta raba ba saura a buga Fizz, wadda 5 ta raba a buga Buzz, wadda duka biyun suka raba kuma a buga FizzBuzz. Da an zo kan 15, sai if na farko ya buga Fizz ya sauka, na biyu ya ajiye Buzz a ƙasansa.

To yaya zan hana ta?

Ka faɗa mata abin da za ta rufe da shi: `print("Fizz", end="")`. Idan kana son tazara tsakanin kalmomi, ka sa `end=" "`. Sai dai fa yanzu rufe layin ya dawo wuyanka. Dole ka sa `print()` wadda babu komai a cikinta a ƙarshen kowane zagaye, in ba haka ba za ka ga `12Fizz4BuzzFizz78` a manne har zuwa 100.

Wannan ce hanyar da ta fi?

A ganina a'a. Idan sharuɗɗa suka kai huɗu ko biyar, kowanne da nasa `end`, wanda zai gyara shirin daga baya sai ya bi kowane reshe yana neman inda layin ya rufe. Gara ka tara kalmomin tukuna, ka buga sau ɗaya:

```
for n in range(1, 101):
    layi = ""
    if n % 3 == 0:
        layi += "Fizz"
    if n % 5 == 0:
        layi += "Buzz"
    print(layi or n)
```

Kowane if aikinsa kawai ƙara kalma. Sauka layi kuwa wuri ɗaya yake faruwa. Wancan `layi or n` yana aiki ne saboda Python na ɗaukar rubutun da babu komai a cikinsa a matsayin ƙarya (False), don haka idan babu sharaɗin da ya cika sai ta buga lambar kanta. Haka nan idan waƙafi kake son sawa tsakanin abubuwa, ka zuba su a jeri ka haɗa da `", ".join(jeri)`, ka huta da waƙafin da ke saura a ƙarshe.

Na ga wani darasi da aka rubuta `print "Fizz",` da waƙafi a ƙarshe. Wannan fa?

Na Python 2 ne, wanda aka daina tallafa wa a ranar 1 ga Janairu, 2020. Tun Python 3.0 da ya fito a Disambar 2008 aka sauya print, kuma wannan rubutun SyntaxError zai ba ka, wato saƙon kuskure a tsarin rubutu.

Ina buga ɗigo-ɗigo da `end=""` don nuna aiki na tafiya, amma ba sa fitowa sai an gama. Me ya sa?

Python kan riƙe rubutu har sai ta ga `\n` kafin ta tura shi allo. Ka rubuta `print(".", end="", flush=True)`, kowane ɗigo zai fito nan take. An shigo da `flush` cikin print ne a Python 3.3.

A Windows sai na rubuta `\r\n`?

Kada ka rubuta. Gaskiya ne Windows da alamomi biyu take rufe layi, Linux da macOS kuma da `\n` kaɗai, amma idan ka buɗe fayil a matsayin rubutu, Python da kanta take mayar da `\n` zuwa abin da na'urar ke amfani da shi. In ka ƙara `\r` da hannunka, `\r\r\n` zai shiga fayil ɗin, wasu manhajoji kuma su nuna maka layin da babu komai tsakanin kowane layi biyu.