Waiwaye: Yadda sunayen shafukan intanet na harsunan waje suka zama haja

Cikin hanyoyin neman kuɗi ta intanet da ake kwaɗaita wa matasanmu a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, har da sayen sunan shafi a ajiye. Mutum zai yi rajistar adireshi irin mai ƙarewa da .com, ba don zai buɗe shafi ba, sai don jiran ranar da mabuƙaci zai zo ya saya da tsada. Masu tallar abin kan ce sunayen Turanci masu kyau sun ƙare, a koma na Sinanci da Larabci da Faransanci, can sauran garaɓasa take. Maganar ba ƙarya ba ce zalla, amma tarihinta ya nuna waɗanda suka ci riba da waɗanda suka kwana ciki.

A 1983 Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin sunayen a Amurka, kuma a watan Maris na 1985 aka yi rajistar .com na farko, wato symbolics.com. Kyauta ake yi har 1995, lokacin da aka sa dala 100 na shekara biyu. Daga nan kasuwa ta buɗe, har aka sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999. Sai dai tsarin bai san komai ba in ban da haruffan Turanci 26 da lambobi da karan ɗori. Balarabe da Basine da ɗan Rasha duk sai sun ari haruffan wasu kafin su rubuta sunan shagonsu.

A ƙarshen 2000 kamfanin Verisign, mai riƙe da .com, ya fara gwajin rajista da rubutun Sin da Japan da Koriya. 'Yan kasuwar suna suka yi caa, kowa na kwasar kalmomi irin su banki da otal da inshora. Da yawa ƙamus kawai suka buɗe, ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen. Ƙa'idar da ta daidaita abin ba ta fito ba sai 2003, ita ce ke juya baƙin haruffa zuwa wani jeri mai farawa da xn-- wanda kwamfuta ke ganewa. Manhajar Internet Explorer, wadda akasarin mutane ke shiga intanet da ita a lokacin, ba ta iya buɗe irin waɗannan sunaye da kanta ba sai 2006. Duk shekarun nan masu ajiya na riƙe da hajar da akasarin mutane ba su iya ko leƙa ta. Ga kuma wahalar Balarabe: ya rubuta sunan daga dama, sannan ya sauya allon rubutu ya ƙarasa da .com daga hagu. Sai a Oktoban 2009 hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet na duniya, ta amince ƙasashe su samu ƙarshen adireshi da rubutunsu, a Mayun 2010 kuma na Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka fara aiki, na Rasha ya biyo baya.

Abin da ya faru a Sin ya fi komai jan hankalina. Kowa ya ɗauka Sinawa za su rungumi sunaye da rubutunsu, sai ga manyan kamfanoninsu na zuba kuɗi kan lambobi da gajerun haruffan boko, domin su ne masu sauƙin bugawa da tunawa. Xiaomi ya sayi mi.com dala miliyan 3.6 a 2014, an kuma ruwaito Qihoo ya biya dala miliyan 17 kan 360.com a 2015. A wurinsu lamba 8 alamar arziki ce, 4 kuwa ana gudunta saboda furucinta ya yi kama da na mutuwa. Wanda ya san wannan tun da wuri ya kwashi rabonsa. Wanda ya ji labari daga nesa ya shigo a ƙarshen 2015, farashi na sama, sai 2016 ta zo kasuwar ta faɗi, aka bar mutane da ɗaruruwan sunaye ba mai taya.

Dattawan Birnin Kebbi na tuna yadda waɗanda suka sayi fuloti kafin a ƙirƙiro jiha a 1991 suka dara. Da fuloti ake kwatanta sunan shafi, sai dai shi haya ne. Duk shekara sai ka biya kimanin dala 10 zuwa 15 kan kowane .com, in ka yi sake ya suɓuce. Dalar da ake samu wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Yaron da ya tara sunaye 50 da kuɗin shinkafar rani, sai ya nemi sama da dala 500 kowace shekara, ko an taya ko ba a taya ba. Kuma tun 1999 akwai dokar da ke ba kamfani damar ƙwace sunan da aka yi wa rajista da mugun nufi kan tambarinsa. Wanda bai jin harshe, ina zai gane kalmar da ya saya sunan kamfanin wasu ce?

Ni a ganina harshen wajen da ɗan Kebbi ke da hurumi a cikinsa yana nan bakin iyaka. Ɗan kasuwar Kamba da ke hulɗa da Gaya da Dosso da Malanville ya san kalmar Faransancin da ake kiran kaya da ita a kasuwa, wadda ba lallai ta zama ta ƙamus ba, ya kuma san masu kuɗin saye. Haka wanda ya yi karatu a Madina ko Alƙahira.

Sannan Hausa ma harshen waje ce ga mai zaune a Landan ko Dubai, kuma ba abin da zai hana shi rajistar sunan garinmu ko amfanin gonarmu. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO a 2016, albasar Aliero da shinkafar Kebbi sun yi suna a faɗin Najeriya. Sunan ƙasarmu, .ng, yana hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, kuma da naira ake biyan dillalansa na gida. Mai shiga sai ya lura da haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ: yawancin mutane ba sa buga su a waya, don haka mai son adireshi da kalmar ƙauye, wadda ba ta da ƙugiya zai fara kamawa, domin ita jama'a za su rubuta.