Ciwon da ke riga takardar sallama zuwa

Wanda ya yi aikin banki a 2005 ba zai manta da shekarar ba. Babban Bankin Najeriya, zamanin Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna suka yi ta haɗewa, yawansu ya ragu daga 89 zuwa 25. Rassa biyu da ke titi ɗaya suka zama ɗaya, kujerar manaja kuwa ba ta ɗaukar mutum biyu. A watan Maris na 2024 an sake ɗaga jarin, manyan bankuna sai biliyan 500, don haka maganar haɗewa da rage ma'aikata ba ta mutu ba.

Mu da ke duba marasa lafiya mun lura ciwon ba ranar sallama yake farawa ba. Tun ranar da aka fara raɗe-raɗin "sunaye na nan tafe" yake kama mutum. Zai zo ya ce kansa na sarawa, ƙirjinsa na bugawa, ƙarfe uku na dare idonsa biyu. A gwada jini babu maleriya, babu taifot, sai dai awon jini ya hau. Ka tambaye shi wajen aiki fa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Wata uku ke nan ba mu san matsayinmu ba." Zaman jiran nan, a ganina, ya fi takardar kanta cin rai, domin jiki yana kwana cikin shirin gudu alhali babu inda za a gudu.

Wanda ya tsira ma bai tsira ba. An ɗora masa aikin mutum uku, yana jin nauyin haɗa ido da abokin da aka sallama, kullum yana jiran zagaye na biyu. Shi ba mai yi masa jaje, kowa cewa yake ya gode wa Allah. Godiya wajibi ce, amma ba ta hana a nemi magani.

Akwai kuma magidancin da aka sallama bai faɗa wa iyali ba. Kullum da safe ya saka kaya ya fita, ya wuni a masallaci ko majalisa. Maigida, uwargida ta riga ta ga alama, ɓoyewar ƙara maka nauyi kawai take yi.

Idan baƙin ciki, ko rashin sha'awar abin da mutum ya saba so, ya kai mako biyu ba sassauci, ga rashin barci da rashin cin abinci, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Kada a nufi kemis a sayi maganin barci ko tiramol, nan wata matsalar ke farawa. A fara da asibiti mafi kusa. In ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar.

Shugabannin kamfani kuwa, sashe na 20 na dokar ƙwadago ya wajabta ku sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ku faɗi rana, ku faɗi ƙa'idar zaɓen, ku biya haƙƙin sallama a kan lokaci.