Alƙalami da neman 'yancin kai: tambayoyin ɗaliban Gusau

Bayan darasin tarihi wasu ɗalibaina a Gusau suka tare ni da waɗannan tambayoyi.

Malam, yawancin mutanenmu ba su yi boko ba a lokacin mulkin Turawa. Ta yaya jarida za ta zaburar da su?

Ta kunne. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, kwafi ɗaya kan ishi unguwa. Mai karatu ya zauna a zaure ya ɗaga murya, saura su kasa kunne, daga nan sai gardama. Nan ƙasarmu kuma ga reluwe, wanda ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda tun 1929. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ke sauke akawuna da jaridun Ikko, irin su West African Pilot da Azikiwe ya kafa a 1937.

Ba Turawa ne suka kafa Gaskiya ba?

Su ne. Amma editanta Abubakar Imam ya ba wasiƙun masu karatu fili, mutane suka saba ganin kokensu a rubuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da talaka ke tuɓe takalmi gaban hakimi.

To waƙa fa?

A ganina ta fi jarida nisan zango, don ba a sayenta, haddace ta ake yi. Sa'adu Zungur na Bauchi ya rubuta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, yana jan kunnen sarakuna su gyara mulki tun kafin lokaci ya ƙure musu. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani, shi ma a waƙe. Ku lura, a Arewa fushin marubuta ya faɗa kan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, da zaluncinta kamar yadda ya faɗa kan Bature.

Zamfara tana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa. A makarantar horon malamai ta Maru, nan Zamfara, Malam Aminu Kano yake koyarwa kafin ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ya koma siyasa gadan-gadan.

Turawa sun ji tsoron rubutun?

Lokacin babban yajin aikin ma'aikata na 1945 hana buga jaridun Pilot da Daily Comet suka yi.